Kafin a tuhumi direba, a saurari silon mota

Mota a garuruwan bakin teku ta fi daɗewa a tsaye fiye da yadda mai ita yake zato. Tana tsaye a danja, tana tsaye a cunkoson gada, tana tsaye a bakin kasuwa ana lodi, tana tsaye a shingen jami'ai ana duba takardu, kuma a mafi yawan wuraren nan injin a kunne yake. Wannan juyin da inji ke yi shi kaɗai ba tare da an taka totur ba, shi ne kanikawan Najeriya ke kira silo, na ƙasashen Faransanci kuma su ce ralanti. Mu 'yan kasuwa ba mu cika kula da shi ba. In za mu sayi mota, buhu nawa za ta ɗauka muke tambaya, da ko tana hawa tudu da kaya. Alhali kuwa ciwon inji da yawa a silo yake fara nuna kansa, kuma man da ya ƙone a wurin ba ya barin shaida, tunda motar ba ta je ko'ina ba balle a ce ga tafiyar da ta cinye shi.

Ni ba bakanike ba ne. Ɗan albasa ne daga ƙasar Illela, na fi shekara ashirin ina Kwatano, a kasuwar Dantokpa. Abin da na sani game da inji a bakin gareji na tsince shi, ina zaune kan benci ina kallo ina tambaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne, rashin sanin silo ya kusa raba zumunci a gidanmu, kuma na tabbata ba mu kaɗai ba ne.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don sauran bayanin ya zo da sauƙi.

Injin fetur iska yake shaƙa ya haɗa da mai ya ƙona. A ma'aunin nauyi, kashi ɗaya na mai yana bukatar kusan kashi 14.7 na iska. Iskar tana bi ta wani maƙogwaro mai faifai a ciki, wanda kanikawanmu na gida ke kira bakin injekta, masu Faransanci kuma su ce papiyon, wato malam-buɗe-littafi, saboda yadda faifan ke buɗewa. In ka taka totur faifan ya buɗe, in ka ɗaga ƙafa ya rufe. To in ya rufe, ta ina inji zai sami numfashi? A motocin shekarun 1990 zuwa farkon 2000, waɗanda su ne suka cika hannunmu, an yi wata 'yar ɓarauniyar hanya da ke zagaye faifan, aka sa mata ƙaramin bawul mai aiki da lantarki. Shi ne bawul ɗin silo. Ƙwaƙwalwar mota, wadda wasu ke kira biren-bokis wasu kalkilatar, ita ke buɗe shi ta tsuke shi gwargwadon bukata. Da sanyin safiya sai ta buɗe shi sosai, ka ga allurar agogon inji ta kai 1,200 ko 1,500 a minti. In inji ya ɗauki zafi ta tsuke shi, allura ta sauko ta zauna tsakanin 650 da 850. In ka kunna fitilu, ko na'urar sanyi, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, nauyi ya hau kan inji, sai ta ƙara masa iska kaɗan don kada ya mutu. Motocin da suka zo daga baya an cire masu wannan bawul da wayar totur gaba ɗaya, wata ƙaramar mota ce ta lantarki ke juya faifan da kansa. Amma dokar ɗaya ce: a silo, ƙwaƙwalwa ce ke auna iska, ba direba ba.

Saboda haka in silo ya lalace, ɗayan abu uku ne galibi. Ko iskar ba ta isa ba saboda datti ya toshe hanya, ko iska tana shiga ta inda ba a ƙidaya ta ba, ko kuma ana yi wa ƙwaƙwalwar ƙarya game da halin da inji yake ciki. Motarmu duka ukun ta haɗa.

Muna da wata bas ta haɗin jari ni da wani Alhaji, abokin cinikina tun muna samari. Ta hannu ce, samfurin 2003, mai shan fetur, mun cire kujerun baya muna rarraba albasa da ita zuwa Kalabi, da Akpakpa, da kasuwar Wando a Porto-Novo, garin da Yarbawa ke kira Ajashe. Direbanta ɗan ƙanwata ne. Uwarsa ta damƙa mini shi hannu da hannu, yaro mai sallah, marar surutu, kuma a lokacin an sa ranar aurensa a gida.

Kowa ya tuna yadda shekarar 2023 ta zo mana. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare a Najeriya, nan take kpayo, wato fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin titunan Benin, ya yi tashin gwauron zabo. Ba a gama wannan ba sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma ketare kogi a kwalekwale. Riba ta tsuke. Kowane ɗan kasuwa ya koma ƙirga abin da a da ba ya ƙirgawa, har litar mai.

Cikin wannan hali na tafi Malanbil neman kaya, na yi mako uku. Da na dawo sai na tarar da gida ba daɗi. Alhaji ya kira ni gefe ya buɗe mini littafin lissafi. Motar da ke shan kusan lita 12 a rana ta koma shan 16, hanya ɗaya, kaya ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, in ba ƙira me ya ci gawayi? Yaron nan zuƙe mai yake yi da tiyo yana sayar wa masu kwalba." Abin da ya fi muni, bai tsaya a kaina ba. Ya riga ya faɗa a majalisar da muke shan shayi a Zango, kuma kun san majalisar baƙi, kafin kwana biyu magana ta riga motar Sakkwato isa gida. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, dangin yarinyar da zai aura sun fara tambaya.

Na kira yaron da dare. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ɗiban ko cokali ba. Motar ce ta canza." Na ce ya ba ni labarin duk abin da ya same ta tun ranar da na tafi, kada ya tsallake komai.

Ya ce da farko ta fara mutuwa ne in ya ɗaga ƙafa zai tsaya. Sai ya riƙa riƙe ta da totur, ƙafa ɗaya na aikin biyu. Rannan a shataletalen Etuwal Ruj, da buhu ashirin a baya, ya murɗa sitiyari zai shiga kwana ta ɗauke gaba ɗaya. Sitiyari ya yi tauri, birki ya koma kamar dutse, saura ƙiris ya hau kan wani ɗan zemijan da ya ɗauko mace da goyo. Wanda bai zauna a ƙasar wasu ba ba zai san abin da wannan ke nufi ba. Baƙo in ya buge ɗan gari a tsakiyar jama'a, kafin a kai ga maganar takardu sai Allah ya kiyaye. Jikinsa na rawa ya tura ta wurin wani mai gyara a bakin hanya. Mutumin bai yi minti goma ba, ya ɗaure wani kusa, ya ja wayar totur, mota ta daina mutuwa. Bayan kwana huɗu sai zafi ya fara hawa a cunkoson gadar Dantokpa. Ya koma wurinsa, ya kwance wani abu daga bakin tiyon lagireto ya jefar, ya ce wannan na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara. Zafi ya sauka. Daga nan mai ya fara tafiya.

Na koma wurin Alhaji na ce ya ba ni kwana uku, kada ya karɓi makulli, kada kuma ya ƙara magana. In bayan kwana ukun mota ta fita da laifi, shi ke nan. In ba ta fita ba, ni da kaina zan sa yaron a motar gida.

Washegari na bi su aiki tun asuba, na zauna a gaba da takarda da biro. Ban yi komai ba sai kallon agogo biyu, na hannuna da na inji. Duk inda muka tsaya inji na kunne sai in rubuta. Kafin la'asar tsayuwarmu ta haura awa uku da rabi, tsakanin gada, da danjoji, da jiran masu sauke kaya. Kuma duk tsawon lokacin allura ba ta sauko ƙasa da 1,400 ba, inji na kuka kamar ana shirin tashi. Allurar zafi kuwa in muka hau titin Porto-Novo sai ta koma ƙasa ta kwanta, kamar yanzu aka tada motar. Inji irin namu in yana lafiya, a tsaye yana ƙona kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. In juyinsa ya ninka, abin da yake sha ma kusan ninkawa yake. Tun a nan lissafi ya fara fitowa, amma ina son wanda ya fi ni sani ya tabbatar.

Akwai wani dattijon bakanike Bayarabe a Akpakpa, ya yi zaman Sabon Garin Kano yana saurayi, yana jin Hausa. Abin da ya sa nake zuwa wurinsa shi ne ba ya fara da sifana, da tambaya yake farawa. Ya ce mu kawo ta da safe kafin ta yi zafi, mu bar ta ta huce. Ga abin da ya yi, bi da bi, kuma duk mai mota zai iya tsayawa ya ga an yi masa haka.

Da farko ya tada ta, ya ɗora hannu a kan babban tiyon lagireto na sama. Bai yi minti uku ba tiyon ya fara ɗumi. Ya ce, "Alhaji, an cire tamostat." Wato abin nan da masu Faransanci ke kira kalosta. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai zafin aiki, wajen digiri 82 a injuna da yawa, sannan ya sake shi zuwa lagireto. In yana nan, tiyon sama zai zauna da sanyi na ɗan lokaci, sai kwatsam ya yi zafi. In babu shi, ruwa na zagayawa tun daga farko, inji ba ya kai zafinsa a kan hanya, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai da yawa. Cire tamostat al'ada ce da ta yaɗu a garejojinmu daga Kano har Akara, kuma mutane da yawa na biyan kuɗinta a gidan mai ba su sani ba.

Na biyu, ya nuna mini ɗan kusan da faifan totur ke zama a kansa. Akwai ɗigon fenti da aka sa masa tun daga masana'anta, alamar kada a taɓa. Fentin ya fashe. Wayar totur kuma an ja ta ta yi tsam, babu sassauci ko kaɗan. Ma'ana faifan ba ya rufewa, kamar direba ya ɗora ƙafa a kan totur ne dare da rana. A tsofaffin motoci masu kafireta, murɗa kusan silo gyara ne na gaskiya, don can babu ƙwaƙwalwa. A mota mai injekta kuwa rufa-rufa ce kawai. Ciwon na nan, an dai hana shi magana.

Na uku, inji na kunne ya zare soket ɗin wayar bawul ɗin silo. Ko gezau, sautin bai canza ba. Ya mayar, ya ce wa yaron ya kunna manyan fitilu ya murɗa sitiyari har ƙarshe. Allura ta faɗi, ba ta dawo ba sai da aka saki. Ya ce bawul ɗin ba ya motsi, ya maƙale. Wannan shi ne asalin ciwon da ya sa ta fara mutuwa tun farko.

Na huɗu, ya ɗauki filaya ya riƙa matse ƙananan tiyoyin roba da ke shiga bayan maƙogwaron, ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Da ya matse wanda ke fitowa daga murfin inji sai sautin ya canza. Ya juya shi, ga tsaga a ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kusan tsawon ɗan yatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iskar da ke bi ta nan ba ta bi ta ma'aunin iska ba, ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, sai dai ta ga hayaƙi ya nuna mai ya yi kaɗan, ta yi ta ƙari a makance. Zafi yana busar da roba, gishirin iskar bakin teku kuma yana cin soket.

Sai a ƙarshe ya nemi dalilin da ya sa zafi ya hau tun farko, wanda ya jawo aka jefar da tamostat. Soket ɗin fankar lagireto ne ya yi tsatsa, fanka na tashi tana ɗaukewa. A kan hanya iska na wadatar da lagireto, a cunkoso kuwa ba ta da mai taimako sai fanka, ga inji an ɗaga masa silo yana ƙara haifar da zafi.

Gyaran bai kai rabin yini ba. Ya kwance maƙogwaron gaba ɗaya, ya feshe shi da maganin wanke kafireta, ya goge da tsohon buroshin haƙori. Baƙin dattin da ya fito daga hanyar bawul ɗin kamar kwalta, haɗin tururin baƙin mai ne da ƙurar da ta tsallake matatar iska. Ya wanke bawul har ya koma motsi da yatsa, ya bar shi ya bushe, ya sa sabon gaskit. Ya mayar da kusan faifai wurinsa, ya sassauta waya, ya canza tiyon da ya tsage, ya sa sabon tamostat da sabuwar matatar iska, ya kankare soket ɗin fanka. Sannan ya cire kan batir na ɗan lokaci ya mayar, ya tada mota ya bar ta tana silo ba a taɓa komai ba har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, don ƙwaƙwalwa ta sake koyon sabon numfashin. Allura ta sauko a hankali ta zauna a kan 750, shiru, har kana jin maganar mutum a gefen inji. Duka da kuɗin kaya da na aiki bai kai jaka talatin ba, wato sefa dubu talatin. Kafin nan wani a majalisa har ya ba da shawarar a canza biren-bokis, abin da zai ci ninkin wannan sau da yawa kuma bai taɓa ciwon ba.

Ban ce wa Alhaji komai ba tukuna. Gani ya kori ji. Na ce ya zo da kansa gidan mai, aka cika tanki har baki a gabansa, ya rubuta lambar kilomita. Aka yi aikin kwana uku, aka dawo famfo ɗaya aka sake cikawa. Da ya raba, abin ya koma lita 12 a rana, har da ɗan ragi. Ya daɗe yana kallon takardar.

Alhaji mutumin kirki ne, matsin shekarar ne ya rufe masa ido. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Zango, a gaban mutanen da ya yi maganar farko, ya kama hannun yaron ya ce, "Ɗana, na zalunce ka, ka yafe mini don Allah." Ya kira ƙanwata ma ya ba ta haƙuri, kuma da bikin ya zo shi ya ɗauki nauyin akwati ɗaya na lefe. An yi aure lafiya. Amma yaron bai ƙara wata shida da mu ba. Ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, na yafe, amma duk lokacin da na karɓi kuɗin mai sai in ji kamar ana kallon hannuna." Yanzu yana Paraku yana tuƙa wa wani. Magana zarar bunu ce. Tiyon da bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba ya raba mu da direban da har yau ba mu sami kamarsa ba.

To 'yan uwa, ga abin da nake so mai mota ya riƙe, ko shi ke tuƙi, ko yaro ya ba, ko uwargida ce ke kai yara makaranta da ita.

Ka san silon motarka tun tana lafiya. Ka duba inda allura ke zama da safe, da inda take zama bayan tafiyar minti ashirin, ka riƙe a ka. In motar ba ta da agogon inji, kunnenka ya isa. Ranar da ta canza za ka sani tun kafin littafin lissafi ya gaya maka.

In tana mutuwa ko tana neman mutuwa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa, amma da an taka totur ta tafi lafiya, a fara da wanke maƙogwaro da bawul ɗin silo. Shi ne mafi yawa kuma shi ne mafi araha. In silo ya yi sama ya ƙi sauka bayan inji ya yi zafi, a duba wayar totur da kusan faifai, a nemi tsagar tiyo, a tambayi ko tamostat na nan, a gwada na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin ruwa. In allura na hawa tana sauka kamar mai haki, galibi iskar sata ce ko bawul mai maƙalewa. In kuwa allura na zaune amma inji na karkarwa, salansa na tari, to wannan ba lallai maganar iska ba ce, a duba fulogi da wayoyinsu da nozul, musamman ga mai shan man kwalba, domin wani lokaci yana zuwa da ruwa ko datti. In sai an kunna fitilu ko na'urar sanyi take faɗuwa, bayan bawul a auna caji, inji na kunne ya kamata batir ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In silo na canzawa duk lokacin da aka taka birki, a duba baƙin tulun nan da ke bayan fedar birki da tiyonsa, don da zuƙar inji yake aiki. Wannan ne ma dalilin da ya sa in inji ya mutu, birki ke saura taki biyu ko uku kafin ya yi tauri. A gaya wa kowane direba: in ta ɗauke ana tafiya, kada ya yi ta famfa birki, ya taka sau ɗaya da ƙarfi ya riƙe.

In fitilar cek ta kama, a sa ta a kwamfuta kafin a sayi komai. Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka ce a nuna maka lambar da ta fito, ka rubuta da hannunka. P0505 na nufin matsala a tsarin silo, P0506 silo ya yi ƙasa, P0507 ya yi sama, P0171 iska ta fi mai yawa, P0300 kuma wuta ce ke tsallake. Lambobin nan ɗaya ne a kowace ƙasa, ko bakaniken Faransanci yake ji ko Turanci ko Fon, kuma ga baƙon da harshe ke ba shi wahala wannan ba ƙaramin gata ba ne. Sai dai a sani, lamba unguwa take nunawa, ba gida ba. P0507 ba ta ce a sayi sabon bawul ba, ta ce ne a nemi inda iska ke shiga.

Masu sababbin motoci marasa wayar totur, kada ku bari yaron gareji ya danna faifan da ƙarfi ko ya kwarara masa magani cikin wayoyi, kuma bayan wanki yawancinsu sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa silo. Masu gas kuwa, wato dizal, nasu tsarin daban ne, da mai ake riƙe silonsu ba da iska ba, don haka wannan bayanin na masu fetur ne. Kuma duk wanda zai fesa maganin wanki kusa da inji mai zafi ya nisanci taba da tartsatsi, abu ne mai kama wuta.

Sannan in ka aiki yaro gareji, ka ce ya dawo maka da amsar tambaya biyu: me aka samu, kuma me aka taɓa? Duk abin da aka cire a sa shi a leda a kawo maka. Bakaniken da ya ce maka "na ɗan ɗaga mata silo" bai gaya maka me ya saukar da shi ba, bai gama aiki ba.

Yawancinmu a nan yaran 'yan uwa muke riƙo, amana ce aka ba mu daga gida, kuma sunan yaro a baƙunta shi ne jarinsa, ba shi da gona ba shi da shago. Mai na iya tafiya ta hannun direba, ba na musun ana yi. Amma yana iya tafiya ta tsagar tiyo, ta kusan da aka murɗa, ta tamostat da aka jefar a kwata. Binciken waɗannan kwana uku ne da kuɗi kaɗan. Cika tanki, rubuta kilomita, zauna a gaba yini ɗaya ka saurari injin da kunnenka. In bayan haka lissafi bai fita ba, sai ka kira yaron ku biyu a ɗaki, ba a majalisa ba.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a nemanmu, ya kiyaye harsunanmu daga abin da ba mu tabbatar ba.